Tsohuwar jaket ta fam 900 da fatarmu da ba ta da suna

Wani dattijon Bature ne ya ɓata min rai a wata kasuwar tsofaffin kaya a gabashin Landan, kuma har yau abin bai bar zuciyata ba shi ya sa na ce bari dai in rubuta ko na samu sauƙi. Ba zagina ya yi ba fa, mutumin kirki ne ma, ga fara'a. Rigunan fata yake sayarwa irin na mahaya babur, jaket ɗin nan baƙaƙe gajeru masu zif a karkace, ya jera su a kan ƙarfe kowacce da 'yar takarda a wuya an rubuta shekararta da sunan kamfanin da ya ɗinka ta. Na ɗaga wata, nauyi kamar me, gwiwar hannu da kafaɗa duk sun koɗe baƙin ya goge ruwan ƙasa ya fito, shafin ciki ya ɗan yage ta hammata, na juya takardar sai na ga fam 900. Ku buga da canjin yau ku gani. Riga ce fa wadda in ta fito daga dila a Ƙofar Wambai mai gwanjo zai jefa ta gefe ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa.

Da ya ga na tsaya ina kallo sai ya matso ya fara yi min bayani, kuma wallahi na tsaya na saurara don mutumin ya san abinsa. Ya ce fatar doki ce. Doki fa jama'a! Wai a zamanin da motocin noma suka fara karɓe aikin dawaki a Amurka fatar doki ta yi yawa a kasuwa, tana da ƙarfi ruwa ba ya saurin ratsa ta, da ita ake ɗinka wa mahaya, sai wajen shekarun 1950 da dawakin suka ragu aka fi komawa fatar sa. Ya nuna min kan zif ɗin an rubuta Talon, sunan kamfanin da ya ƙera shi, ya ce daga siffar 'yar mariƙar kawai yana iya faɗa maka tsakanin wace shekara da wace shekara aka yi rigar, haka lambar wuya, haka maɓallan. Kuma babu abin da aka sa a jikinta don ado. An karkata zif ɗin ne don fata ta hau kan fata a ƙirji iska ba ta shiga, kuma in mutum ya duƙa a kan tankin babur rigar ba ta tokare shi. Kwalar tana da maɓalli don kada ta dinga dukan fuska in ana gudu. An gajarta ta don kada ta naɗe in an zauna, hannuwan ma akwai zif don a tsuke su. In Allah Ya kawo tsautsayi aka faɗi, kwalta ta ci fatar dabba kafin ta kai ga taka.

Labarin da masu son irin wannan riga suke bayarwa kusan kowa a cikinsu ya haddace shi. A 1928 wani mai suna Irving Schott a New York ya ɗinka irin wannan ya sa mata suna Perfecto, sunan tabar da yake so, aka fara sayar da ita dala 5.50 a wurin wani dilan baburan Harley-Davidson. A 1953 jarumin Amurka Marlon Brando ya sa irinta a fim, samari suka haukace a kanta har wasu makarantu suka hana sa ta. A nan Ingila kuma suna da nasu, Lewis Leathers, kamfanin da asalinsa ya faro tun 1892 a Landan, da suna yi wa matuƙan jirgin sama kaya shi ya sa lambarsu take ɗauke da Aviakit, wato kayan matuƙa jirgi. Rigarsu ce samarin da ke taruwa a gidan shan shayi na Ace Cafe a kan titin North Circular suke sawa, masu gasar kai babur gudun mil 100 a awa. An buɗe wurin a 1938, ya rufe a 1969, saboda tsabar son tarihi suka sake buɗe shi, yanzu in ka je ranar hutu za ka ga tsofaffi masu furfura da tumbi sun matse cikin rigar da suka saya tun suna samari, an jera tsofaffin baburan Triumph da Norton da BSA a waje, ana shan shayi a tsaye cikin sanyin nan mai shiga ƙashi ana shafa hannun rigar juna ana tambaya ta wace shekara ce.

Da tsofaffin rigunan suka yi wuya kuma suka yi tsada, sai aka samu masu ɗinka sababbi sak irin na da. Akwai Aero Leather a garin Galashiels na Sikotlan, suna sayo fatar doki daga majemar Horween ta Chicago wadda take aiki tun 1905. Mutanen Japan su ne suka kai abin ƙarshe, irin su The Real McCoy's, suna ɗinka samfurin Buco J-24, na wani tsohon kamfanin Detroit da ya daɗe da mutuwa, mai babban aljihu a gefen ƙirji, su nemo tsohuwa su auna komai har tazarar ɗinki, su sa a ƙera musu zif irin na lokacin. Fatar kuma sau da yawa daga majemar Shinki ta garin Himeji, a rina samanta baƙi a bar cikinta ruwan ƙasa da gangan don in ta tsufa ta koɗe irin yadda na da suke koɗewa. Sabuwa sai ta haura fam 1,000, wata ma ta doshi 2,000, kuma mai ita zai yi shekara yana fama da taurinta kafin ta bi jikinsa, yana murna.

To duk wannan bai dame ni ba, burge ni ma ya yi. Inda aka samu matsala shi ne da ya ciro wata sabuwa mai laushi ta fatar akuya ya ce in taɓa, wai fatar Italiya ce babu kamarta. Na ce masa ai ni ɗan Kano ne, garin fata, kawuna ma baduku ne. Sai ya kalle ni da mamaki na gaskiya ya ce ashe ana jima a Najeriya?

Mutumin da ya san zif da shekararsa. Ya san Chicago, ya san Himeji, ya san wani ƙaramin gari a Sikotlan, amma bai taɓa jin jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ba. Na tsaya ina faɗa masa cewa ɗaruruwan shekaru fatarmu tana ƙetara Sahara a bayan raƙuma, ta isa Turai a ce fatar Maroko ce don ta can ta biyo, masu ɗaure manyan littattafai a ƙasarsa har gobe fatar akuyarmu suke nema, kuma yau ɗin nan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa suna loda fata zuwa Italiya da Sifen, a can a ƙarasa ta a buga mata tambari ta zama tasu. Ya gyaɗa kai ya ce abin sha'awa, sai wani mai saye ya zo ya juya wurinsa. Ni kuma na fito jikina a sanyaye.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Almubazzaranci ne mutum ya tara riguna goma na dubban fam a ɗaki a garin da wasu ke kwana a bakin tashar jirgin ƙasa. Da yawa cikin masu sayen ma ba su da babur, ba su taɓa hawa ba, alhali ɗan acaɓan ƙauyenmu da yake wuni a kan Boxer cikin hunturu shi ne mai buƙatarta, shi kuma sai wata rigar leda ta gwanjo da take ɓarewa kafin sanyin ya wuce. Sannan su ƙasarsu sanyi, kaya yana daɗewa, mu ga zafi ga gara ga damina. Kuma wanda yake neman na cefane ba ya zaman adana tarihi, ƙirgin ma ai gara a yi ganda a ci. Duk na yarda. Amma wallahi a wannan gaɓar sun fi mu, kuma ba da kuɗi suka fi mu ba. Rubuta suna a jikin kaya nawa yake ci? Su wanda ya ɗinka ya sa sunansa, wanda ya jeme fatar an san shi, har mai yin zif bai yarda an manta da shi ba, shi ya sa bayan shekara 70 jikan wani zai ɗauki rigar ya karanta ta daga wuya zuwa ƙugu. Mu fa? Shiga Kurmi ka ɗauki gafaka ko alabe ko tumtum mafi kyau ka juya shi ciki da bai, ba za ka ga komai ba. A gidanmu akwai gafakar kakanmu, ja ce ta karan dafi da zanen baƙi a bakinta, ta yi shekaru tana rataye a zaure da Alƙur'aninsa a ciki, lokacin da aka yi gyaran gida aka sa tayil aka tattara ta da tarkace, babu wanda ya ga laifin haka don ai ta tsufa. Yau a duk danginmu babu mai iya faɗa maka wa ya ɗinka ta.

Kuma jimar da suke yabo a Japan ɗin, ta sassaƙen itace, wadda suke cewa ita ce ta ainihi, mu me muke yi da bagaruwa tun kaka da kakanni? Ku da kuke gida kuna wucewa ta majema kuna toshe hanci, ni nan akwai ranar da zan ba da komai in ji wannan warin.

Da daddare na kira Kawu. Bayan gaisuwa na ba shi labari duka, ya saurara, ya ce to Allah Ya kyauta, ya ce ai yanzu aikin ma ya ja baya, takalman roba na Chaina sun cika gari, yaransa babu wanda ya zauna a rumfar, babban yana sayar da kayan waya, ƙaramin yana jan adaidaita. Na ce Kawu ni dai alfarma ɗaya nake nema, zan sa a ƙera muku hatimin ƙarfe a nan da sunanku da Kano a ƙasa, duk abin da kuka ɗinka ku buga a ciki ko da ƙarami ne, ni zan biya. Ya yi shiru, sannan ya ce ɗana, ai mai kaya ya san wanda ya yi masa, kuma mahaifinmu bai sa suna ba, in na fara 'yan layinmu za su ce na ɗauki kaina na fi su. Na ce to a yi wa kowa nasa, in na zo Sallah na kawo. Ya ce bari ya yi shawara da su tukuna. Ni dai na riga na ba da aikin nasa, sauran kuma ina jiran ya turo min sunayensu.