Kwaɗin Malam Mustafa: nasiha ga matasa masu jiran kyamara

'Yan'uwa matasa masu sha'awar harkar fim, kukan da aka fi ji a bakinku ɗaya ne: babu kayan aiki, babu mai ɗaukar nauyi. Kafin ku sake yin wannan kuka, ku san wani bawan Allah da ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015, mai suna Moustapha Alassane. Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942, kuma bakanike ne kafin ya taɓa kyamara. Yana cikin mutanen farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma, ya shugabanci sashen silima a Jami'ar Yamai shekara 15, daga baya ya zauna a Tawa yana aikinsa cikin Hausawa. Abin kunya ne a ce saurayi ya haddace sunayen jaruman Indiya har da na matansu, amma bai taɓa jin sunan wannan mutum ba.

Tun yana yaro yake haɗa majigin kansa da fitila da zane, yana haska wa mutane inuwa a bango. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fina-finan al'adu, ya koyi sarrafa kyamara a wurinsa. A 1962, yana ɗan shekara 20, ya fitar da Aouré, gajeren fim a kan al'adar aure a ƙasar Zabarmawa. Sannan ya tafi Kanada, hukumar fina-finai ta ƙasar, inda ya zauna da Norman McLaren, gwanin da yakan yi zane kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba. A 1966 ya fitar da fim biyu da har yau ake kallo. Ɗaya shi ne Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye; a nan jarumar fim Zalika Souley ta fara fitowa. Ɗayan shi ne Bon Voyage Sim, zane na kusan minti biyar, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki maƙwabta, da faretin sojoji da duk wani bankaura irin na manya. Shekara shida kacal da samun 'yancin kai, ga saurayi yana yi wa masu mulki shaguɓe da bakin kwaɗo. Wanda ya san tatsuniya ya san dabarar: abin da ba ya faɗuwa da bakin mutum, sai a ba dabba ta faɗa.

To, ku tsaya a kan minti biyar ɗin nan, don a nan darasin yake. Fim na tafiya da hoto 24 a kowane sakan. Minti biyar sakan 300 ne, wato hoto 7,200. Masu zane sun saba ɗaukar kowane zane sau biyu, sai ya zama zane 12 a sakan, jimla 3,600. Ko da an rage ta hanyar maimaita wasu motsi, kamar tafiya ko faretin da ƙafa ke komawa inda ta fito, aikin na watanni ne. Mai zana 30 a rana zai yi kwana 120 kafin ya cika 3,600. Kuma a wancan zamani zaren fim mai faɗin milimita 16 ake amfani da shi: nadi ɗaya mai ƙafa 100 hoto 4,000 yake ɗauka, bai kai minti uku ba. Babu gogewa, babu duba abin da aka ɗauka nan take. Masu fim na ƙasashen rainon Faransa galibi can suke aika zaren a wanke, su jira makonni kafin su san ko haske ya yi daidai. Kai kuwa wayar da ke aljihunka tana ɗaukar hoto dubbai kyauta, ta nuna maka a take. Me ya rage maka? Lissafi da zama wuri ɗaya, kuma su biyun ne ba a sayarwa a kasuwa.

Ga yadda ake farawa, kuma kada wanda ya fara da labari mai tsawo. Sakan goma za ka nufa, zane 120. Sami akwatin katako, ka ɗora gilashi a samansa, ka sa ƙwan fitila marar zafi a ciki. Takarda marar kauri za ka nema, mai giram 60 ko 70, yadda za ka iya hango zane biyu ko uku na ƙasa ta cikinta. Huda takardun duka da abin huda takarda na ofis, rami biyu, a wuri ɗaya, sannan ka kafa ƙusa biyu a gefen akwatin daidai da ramukan. Wannan ƙusa ita ce gaba ɗayan sirrin. In takarda ta goce da ko milimita ɗaya tsakanin zane da zane, hoton zai riƙa rawa a allo kamar mai jin sanyi, kuma babu manhajar da za ta gyara maka shi cikin sauƙi. Kowace takarda ka rubuta mata lamba a kusurwa tun kafin ka zana komai. Iska ɗaya ta shigo ta taga ta watsa takarda 120 marasa lamba, ka ga ta kanka.

Kuskuren kowane sabon hannu shi ne ya zana na ɗaya, ya bi da na biyu, na uku, har ƙarshe. Kafin ya kai na arba'in, kan mutumin ya ƙanƙance, ƙafa ta yi tsawo, ba wanda zai ce shi ne na farko. Abin da ake yi, a fara zana manyan matsayai: inda motsi ya tashi, inda ya kai ƙololuwa, inda ya sauka. Sai a cike tsakani. Ɗauki tsallen kwaɗo, tunda shi Malam Mustafa ya fi so. Kwaɗo ba ya tashi haka kawai; sai ya fara dunƙulewa ƙasa, wannan zane uku ko huɗu. Sai ya miƙe ya yi tsawo yana barin ƙasa, zane biyu masu nisa da juna, don a nan saurin yake. A can sama ya ɗan yi jinkiri, zanukan su matso kusa da juna. Ya faɗo da sauri, ya baje a ƙasa zane ɗaya ko biyu, sannan ya koma siffarsa. Tazarar da ke tsakanin zane da zane ita ce sauri: nesa da juna gudu, kusa da juna sanɗa. Wanda ya raba tazarar daidai wa daida, kwaɗonsa zai yi ta shawagi kamar balan-balan, babu nauyi a jikinsa.

A 1977 Malam Mustafa ya fitar da Samba le grand da 'yan tsana, cikin launi. Akwai kuma Kokoa, wanda sunan kawai ya ishi Bahaushe bayani: kokawar gargajiya ce, amma 'yan kokawar kwaɗi ne da sauran dabbobi, ga 'yan kallo ga makaɗa. A nan bakanikancinsa ya yi masa rana, domin 'yar tsanar fim inji ce ƙarama. Ƙashinta siririyar wayar alminiyam ce mai kaurin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a murɗa biyu wuri ɗaya. Wayar ƙarfe tana da taurin kai, ka lanƙwasa ta ta ɗan koma baya, sai hannu ya motsa inda ba ka sa shi ba. Wurin da bai kamata ya lanƙwashe ba, kamar ƙwauri da damtse, a ɗaure shi da ɗan kara ko a shafe da gam mai tauri, a bar gwiwa da gwiwar hannu kawai. A naɗe da soson katifa, a ɗinka tufa. Tsayin santimita 20 zuwa 25 ya isa; in ta fi haka kai ya yi nauyi, wuya ta riƙa sunkuyawa a hankali tsakanin hoto da hoto. Ƙafa kuwa dole a kafe ta a jikin katako da noti ta ƙasa ko da ƙusoshi ƙanana. 'Yar tsanar da ta faɗi a hoto na 70 ta mayar da kai hoto na ɗaya, don ba za ka taɓa tsayar da ita daidai inda take ba. Kowane hoto motsin milimita biyu zuwa biyar, sannan ka janye hannunka, ka ɗauka.

Haske ne ke kashe yawancin aikin masu koyo, kuma ba sa gane dalili sai sun haɗa hotunan sun ga fim yana ƙyaftawa. Dalilan sanannu ne. Hasken rana ta taga yana sauyawa minti bayan minti, saboda haka a toshe taga da bargo. Wayar hannu tana gyara haske da kaifin hoto da kanta kowane ɗauka, sai an kulle su duka da hannu. Wutar janareto tana hawa tana sauka, fitilar caji kuma tana dusashewa yayin da batir ke ƙarewa, don haka a bar ta a jone da babban batir. Har farar rigarka tana mayar da haske kan 'yar tsana, in ka matso ya ƙaru, in ka ja baya ya ragu. Sa baƙar riga, ka kuma tsaya wuri ɗaya duk lokacin ɗauka. Wayar a ɗaure ta tam a kan mariƙi, a manne ƙafafun mariƙin da ƙasa, kuma kada yatsa ya taɓa ta: maɓallin ƙarar sauti na abin sauraro na kunne yana ɗaukar hoto a wayoyi da yawa.

Murya kafin zane, kullum. Ana naɗar magana tukuna, a saurare ta a ƙirga. Kalmar da ta ci rabin sakan hoto 12 ce, zane shida. Siffar baki shida ko bakwai ta wadatar: rufe, buɗe sosai, buɗe kaɗan, zagaye, shimfiɗe, da na hutu. Ku lura da abin da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba: Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta f, ba ya ɗora haƙori a leɓe, saboda haka siffarta kusa take da ta b da m. Dogon wasali kuma sai an riƙe shi zane biyu ko uku, in ba haka ba bakin zai riga muryar rufewa. Sannan ka zaɓi hoto 24 ko 25 a sakan tun ranar farko ka tsaya a kai. Talabijin a Nijeriya da Nijar 25 yake bi. Aikin da aka ƙirga a 24 aka kunna a 25 yana gajarcewa da fiye da sakan biyu a kowane minti, sai ka ga baki ya gama magana murya tana biye.

Yanzu ga ku ɗaliban jami'a, masu karanta aikin jarida da wasan kwaikwayo. Mutumin da ya riƙe sashen silima a Yamai shekara 15 daga gareji ya fito, da hannu ya san abin da yake koyarwa. Ku kuwa da yawanku za ku rubuta kundin shafi tamanin a kan kurakuran fina-finan Hausa, alhali ba ku taɓa haɗa sakan goma na kanku ba. Sukar tana da amfani, amma wanda ya taɓa kwana yana gyaran bakin kwaɗo ya fi sanin inda zai soka. Waɗanda Allah ya ba hannu kuma, ku daina ɓoye sani kamar lakanin gado. Yaron da ke riƙe maka fitila shekara biyu bai san dalilin da ya sa ake kulle haske ba, wannan laifinka ne.

Shi Malam Mustafa bai tsaya kan zane kaɗai ba. A 1972 ya yi FVVA, haruffan farko na mata, motoci, gidaje da kuɗi a Faransanci, a kan ma'aikacin da son burga ya kai shi ga taɓa dukiyar da ba tasa ba. Sai Toula, wanda ya yi tare da Anna Soehring, Bajamushiya, a kan tsohon labarin fari da budurwar da aka ce a sadaukar don ruwa ya sauka, a daidai shekarun da fari ke cin Sahel. Duk labaran daga ƙofar gida ya ɗebo su. A Tawa ya buɗe otel, ya mayar da wani ɓangarensa ɗakin aiki, da tsufansa ya koma koyon zane da kwamfuta. Faransa ta ba shi lambar girma a bikin fina-finai na Kan na 2007, kuma a 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa, babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya nuna fina-finansa a jere.

An iya nuna su ne saboda an sami kwafin da ya tsira. Zaren fim yana ruɓewa a zafi da laima, ya fara warin tsami kamar ruwan kal, ya ƙanƙance ya murɗe har injin ya kasa jan sa. Naku ya fi wannan saurin ɓata: waya ta faɗa ruwa, katin ajiya ya ƙi buɗewa, shi ke nan. Kowane aiki a ajiye shi wuri uku, biyu a na'urori daban, ɗaya a wani gida ko a intanet. Hotunan asali za a ajiye, ɗaya bayan ɗaya da lambobinsu, tare da muryar asali, banda wanda aka tura ta WhatsApp, don ya riga ya matse shi ya zubar da rabin kyansa. Takardun zanen kuma a ɗaure su da lambarsu a sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.