Makin Ɗabi'a a Katin Sakamako: Me Malam Ya Gani?

Duk ƙarshen zangon karatu, malamin aji a Katsina kan zauna da tulin katunan sakamako ya cike gurbin ɗabi'u: zuwa da wuri, tsafta, gaskiya, ladabi. Yawanci wanda ya ci lissafi shi ke kwashe cikakken maki biyar har a gurbin gaskiya, mai surutu kuwa a dangwara masa biyu. Shaci-faɗi ne kawai.

Tun 1964 masana ilimi David Krathwohl da Benjamin Bloom da Bertram Masia suka bayyana cewa hawa biyar ɗabi'a ke yi kafin ta zauna. Yaro ya fara saurare, sannan ya aikata don an ce ya yi. A na uku ya ga darajar abin, ya yi ba a sa shi ba. A na huɗu ya san abin da zai fifita in ɗabi'u biyu sun ci karo. A na biyar ya zame masa jiki.

Mu a hawa na biyu muke tsayawa, mu ɗauka an kai. Yarinyar da ke sharar aji don monita na tsaye da tsumagiya, sai ranar da monita bai zo ba za a san ta. Wadda ta tsinci ledar ruwa a bakin ƙofa ta kai kwandon shara, babu mai kallonta, ita ce ta taka na uku. Bulala na kai yaro hawa na biyu cikin mako guda, daga nan ƙarfinta ya ƙare. Na huɗu ne mai wuya: amininsa ya zungure shi ana jarrabawa yana neman amsa, zumunci da gaskiya sun yi karo. Malamin da bai taɓa kawo irin wannan a aji an tattauna ba, ya bar yaro da nauyin shi kaɗai.

Gyaran bai fi littafi guda ba. Kowane mako malam ya sa ido kan ɗalibai 5. Aji mai 60 zai zagayo cikin mako 12. Kada ya rubuta "yana da gaskiya". Ya rubuta "Talata, ya mayar wa mai awara rarar canji", ya ƙara da ko an umarce shi. Wannan ƙarin ne ke raba hawa na biyu da na uku.

Hawa na biyar kuwa zango ɗaya ba ya nuna shi. Sai an haɗa littafin shekaru da abin da iyaye da malamin Islamiyya suka gani.