Ice Beam: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Duk wanda ya daɗe yana buga Pokémon ya san akwai harin da ba a haɗa tawaga babu shi, wato Ice Beam, harin ƙanƙara. Ni ma ina cikin masu cewa da wuya a samu wanda ya kai shi amfani a gem ɗin. Amma yau ƙorafi na kawo, kuma Game Freak, kamfanin da ke ƙera gem ɗin, nake yi wa.

Bari in fara sallamar 'yan Blizzard, wani harin ƙanƙarar, masu cika mana kunne da cewa nasu ya fi ƙarfi. E, 110 ya fi 90, babu musu. To amma saitin Ice Beam 100 ne, na Blizzard 70. Kana gaban Garchomp ɗin Cynthia, zakarar yankin Sinnoh, jininka saura ƙiris, ka danna Blizzard ya bi iska, shi kuma ya narka maka Earthquake. An tashi wasa ke nan. Ga shi sau 5 kacal ake harba shi, Ice Beam kuwa sau 10. In ka saukar da dusar ƙanƙara da Abomasnow, nan kam Blizzard ba ya kuskure, na yarda. In babu wannan, caca kake yi.

Abin da ya sa kowa ke rububin harin ƙanƙara a fili yake. Yana yi wa jinsi huɗu illa ninki biyu: Dragon, masu tashi, ciyawa da ƙasa. Kuma manyan 'yan ji da kai na gem ɗin da yawansu sun haɗa biyu daga cikin huɗun nan. Dragonite da Salamence da Rayquaza duk Dragon ne masu tashi, Garchomp Dragon ne na ƙasa, Landorus da Gliscor ƙasa ne masu tashi. Kowannensu ninki huɗu yake sha. Dodon da ya hana ka sakat, jifa ɗaya sai ka ga jininsa ya zuƙe daga kore har ƙasa.

To wa ke harba wannan jifar? Nan gizo ke saƙa. Ka duba tawagar mutane, Starmie za ka gani, ko Blastoise, ko Milotic, ko Suicune. Kusan duk wani Pokémon na ruwa yana iya koyon Ice Beam. Tun a Red da Green, gem ɗin farko na 1996, aka kafa wannan al'ada: ka hau saman babban kantin Celadon, ka sayi Fresh Water a injin sayar da abin sha, ka miƙa wa yarinyar nan mai jin ƙishi, ta ba ka TM13, na'urar da ke koyar da Ice Beam. Makami irin wannan a kan kuɗin ruwan gora! Lokacin ma ƙarfinsa 95 ne, sai a X da Y na 2013 aka rage shi zuwa 90. Kuma a wancan zamanin in Ice Beam ya daskarar da kai ba ka narkewa da kanka, sai da magani, ko abokin karawarka ya yi kuskuren jifanka da wuta. Yanzu ne aka sassauta, kowane zagaye kana da damar kashi 20 cikin 100 ka narke.

Su kuma asalin masu ƙanƙarar, me aka bar musu? Wuta ta ci su, 'yan dambe su ci su, dutse ya ci su, ƙarfe ya ci su. Abu ɗaya tak suke jurewa, ƙanƙara 'yar uwarsu. In an baza tarkon duwatsu na Stealth Rock a fili, da shigowarsu kashi ɗaya cikin huɗu na jininsu ya tafi, Articuno kuwa rabi cur, tun bai ɗaga fiffike ba. Na ruwa fa? Rauninsa biyu ne, lantarki da ciyawa, kuma ita ciyawar da aka ce ita ce maganinsa, da Ice Beam ɗin aro yake kwantar da ita. Har ƙanƙarar kanta yana jurewa. Don Allah ku gaya mini, wane dalili zai sa in ɗauki Glaceon na ƙanƙara alhali Vaporeon na ruwa zai yi mini aikin kuma ya daɗe a fili?

Na san za a ce ai mai jinsin harin yana samun ƙarin rabi, 90 ɗinsa ya koma 135. Gaskiya ne. Amma wanda zai sha ninki huɗu, ko da 90 ɗin aka taɓa shi yawanci ya gama yawo. Ƙarin bai taka kara ya karya ba a inda aka fi buƙatar harin.

Ba zan ce Game Freak ba su taɓuka komai ba. Sun kawo Freeze-Dry, mai ƙarfi 70 amma yana yi wa na ruwa illa ninki biyu, kuma wannan kam ba su raba shi kamar goron biki ba. A Scarlet da Violet na 2022 sun sa dusar ƙanƙara tana ƙara wa masu ƙanƙara kariya da rabi. Duk da haka waɗanda ke tashe a cikinsu, irin su Weavile da Chien-Pao da Baxcalibur, masu bugu ne, ba masu jimiri ba. Avalugg da aka gina don ya tsaya ya shanye duka, har yau yana benci.

Ni dai shawarata biyu ce, su zaɓi ɗaya. Ko su sa ƙanƙara ta riƙa jure ruwa, ko su ƙwace Ice Beam daga hannun rabin na ruwan nan. Kada wani ya ce ba zai yiwu ba. Harin guba na Toxic ma a da kusan kowa na koyonsa, da Sword da Shield suka fito a 2019 aka ƙwace shi daga hannun mafi yawansu, kuma ba a fasa buga gem ɗin ba. Masoya Milotic, na san za ku zo mini a ƙasa, ku taho da lissafinku.