Dalilin da ya sa zan ajiye aikin rubuta manhaja tun ina da ƙarfina

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan aiki na nan Yamai. Ina sanar da ku cewa na daina karɓar sabuwar kwangila, kuma idan Allah ya kai mu ƙarshen wannan shekara zan ajiye sana'ar rubuta manhaja gaba ɗaya. Lafiyata lau, aiki kuma bai yanke mini ba. Na ga ya dace in yi bayani ne domin akwai abin da ya shafi duk mai cin gashin kansa a wannan sana'a, wanda ba mu cika tattaunawa a kansa ba.

Ma'aikacin kamfani ya san ranar da zai huta. Ana cire masa wani kaso daga albashi, kamfanin ya ƙara nasa, a zuba a CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata na ƙasa, idan shekarunsa suka kai a sallame shi da fansho, a kuma ɗora wani a kujerarsa. Mu kuwa babu mai rubuto mana takardar sallama, babu kuma wanda aka tanada ya gaje mu. Idan mutum bai tsayar wa kansa rana ba, to ciwo ne ko mutuwa za su tsayar masa, kuma su ba sa ba da wa'adin miƙa aiki.

Na fara wannan sana'a lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho na girke, ana rubuta manhajar lissafin kaya da kayan aikin Microsoft, wato Visual Basic 6 da Access. Tun daga nan ƙasa ba ta daina motsi a ƙarƙashin ƙafafunmu ba: Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, aka rufe babin yaren rubuta manhaja na Python 2 a farkon 2020, Flash mai nuna bidiyo da wasanni a shafukan intanet kuma ya bi baya a ƙarshen 2020 ɗin. Magini yana iya gina katanga ya yi tafiyarsa, ta shekara talatin a tsaye ba tare da an neme shi ba, amma manhaja tana fara lalacewa ne daga ranar da mai kula da ita ya juya baya, ko da ba a taɓa harafi ɗaya a cikinta ba, saboda na'urar da take zaune a kai da dokar haraji da bukatun mai ita duk suna canzawa.

A nan ne maganar amana ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna. Da yawa daga cikinmu mu kaɗai muke riƙe da asalin rubutun manhajar da muka yi wa mutane, mu kaɗai muka san lambobin sirrin rumbun bayanansu, sunan shafinsu na intanet ma da sunanmu aka yi rajistarsa, da katin bankinmu ake sabunta shi kowace shekara. Wasu sakaci ne ya kai su ga haka, wasu kuwa da gangan suke yi domin kada mai aikin ya iya komawa wurin wani, kuma wannan a ganina zalunci ne, ko da an kira shi dabarar kasuwa. Ranar da irin wannan mutum ya kwanta asibiti, mai kantin magani ba zai san abin da ya rage masa a sito ba, makaranta ba za ta iya fitar da sakamakon ɗalibai ba, attajiri kuma ba zai san wa yake bi bashi ba. Miƙa irin wannan kaya yana bukatar watanni da kuma ƙwaƙwalwar da har yanzu take tuna dalilin da ya sa aka rubuta kowane sashe yadda aka rubuta shi. Shi ya sa nake so in tafi yanzu, tun ina iya amsa tambaya.

Wasu sun ce mini ƙirƙirarriyar basira ce ta kore ni, tunda ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022. Ina amfani da irin waɗannan kayan aiki, kuma suna rubutu da sauri ƙwarai. Sai dai ba su zauna da ɗan kasuwar da yake ƙirga kuɗinsa da dala da jika ba, wanda idan ya ce dala ashirin yana nufin sefa 100, alhali takardar da za a buga masa dole ta fito da adadin sefa. Irin wannan sanin a bakin mutane yake, kuma shi ne nake tsoron ya tafi tare da mu.

Game da kuɗi, takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya koya wa duk mai yi wa ƙasashen waje aiki darasi, domin wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, shigowar kuɗi ta yi wuya, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage shi. Ƙannena masu tasowa, ku riƙa ware wani abu daga kowace kwangila, ku kuma rubuta kuɗin kula da manhaja a cikin yarjejeniya tun daga farko.

A watannin da suka rage, duk wanda na yi wa aiki zai karɓi asalin rubutun manhajarsa da lambobin sirrinsa da bayani a rubuce, sannan in haɗa shi da matashin da zai ci gaba da kula da ita. Akwai ƙwararrun yara da suka fito daga Jami'ar Abdou Moumouni da ta Tawa, wasunsu sun fi ni sanin manhajojin wayar salula nesa ba kusa ba. Roƙona ga iyayen gidana shi ne ku biya su abin da kuke biyana, kada ku rage musu don kun ga ba su da furfura.