Ranar da Na Yi wa Surukata Miyar Shayi

Shekarata uku a Sinsinati, jihar Ohayo ta Amurka, kuma duk wanda ya zauna garin nan ya san mutanensa ba sa wasa da cili ɗinsu. Miya ce ta niƙaƙƙen naman sa, a zuba a kan taliya, a tula cuku har taliyar ta ɓace. Wasu 'yan'uwa biyu daga Masedoniya, Tom da John Kiradjieff, su suka fara sayar da ita a 1922, shi ya sa kayan ƙamshinta suka fi kama da na can yankinsu. Har lissafi gare ta kamar gidan bene: taliya da miya hawa biyu, a ƙara cuku hawa uku, albasa ko wake hawa huɗu, a haɗa duka hawa biyar.

Da Hajiya, mahaifiyar maigida, ta zo daga Kano, sai rawar kai ta ɗebe ni. Na ce bari in nuna mata na zama 'yar gari. Maƙwabciyata, wata tsohuwar baturiya, ta rubuta mini yadda ake yi a takarda.

Layin farko ma ya isa ya sa in tuba. Ba a soya naman! Ɗanyensa ake zubawa cikin ruwa, a yi ta juyawa har ya warwatse kamar tsaki. A gidanmu wadda ta yi wa nama haka sai an kira ta ɗaki an yi mata faɗa. Na daure. Sai tumatir, sai kirfa, sai kanumfari, sai garin cakulan marar sukari. Ni kuwa ba ni da marar sukari, na ce ai duk ɗaya ne, na kamfato na shayin yara. Wajen kirfa kuma tsohuwa ta taƙaita rubutu, ƙaramin cokali take nufi, ni na karanta babba. Babban kuwa ninkin ƙaramin ne sau uku. Na ƙara rabi saboda albarka.

Awa uku tukunya tana ɓararraka a ƙaramar wuta. Gida ya ɗauki ƙamshi kamar teburin mai shayi da asuba. Hajiya ta leƙo da carbinta a hannu.

"'Yar nan, shayi kike dafawa da tsakar rana? To a sam mini kofi ɗaya."

Na ce, "Miya ce, Hajiya."

Ta dubi tukunya, ta dube ni, ta koma ɗaki tana salati ƙasa-ƙasa.

Hawa biyar na jera mata, ban rage komai ba. Maigida ya gyara zama yana bayani wai a nan ba a naɗe taliyar a cokali mai yatsu, yankawa ake yi da gefensa. Hajiya ta bar shi ya gama, ta wanke hannu, ta yi bismillah ta kai loma. Ta daɗe tana taunawa, irin taunar da ake yi wa magana mai nauyi.

"Sannu da aiki. Me da me kika sa?"

Bakina ya suɓuce na faɗi sunan da turawa ke kiran garin cakulan, na ce, "Har da koko."

"Koko? Na gero? A miya?"

Maigida ya shiga gyara zance, ya ƙara ɓatawa, don ya ce mata ai sunan abincin ma barkono yake nufi. Hajiya ta sake lasa, ta ce to barkonon yana hanya ke nan, bai iso ba. Gaskiyarta, garin barkononsu ko jariri ba zai sa kuka ba, ga sukarin shayin yara ya danne ɗan abin da ya rage.

Ta miƙe ta buɗe akwatinta, ta fito da gwangwanin yajin da ta ƙullo tun daga Kano. Ta tambaya ko akwai sauran farar taliya da man gyaɗa. Akwai. Maigida, wanda tun ɗazu yake cewa "wallahi ta yi daɗi", ya ture farantinsa a hankali ya matsa kusa da uwarsa.

Da daddare na ji ta a waya da ƙanwarta: "Lafiyarsu ƙalau, gida mai kyau. Sai dai duk mai zuwa a ba shi daddawa da kuka ya kawo musu, yaran nan har sun fara zuba koko a miya."