Zakkar coci: a bar gardamar kashi nawa, a buɗe littafin ma'aji

Tun lokacin da Fasto Enoch Adeboye, shugaban cocin Redeemed, ya tsaya gaban taron matasan cocinsa a watan Oktoban 2024 ya nemi gafara kan maganar da ya taɓa yi cewa wanda ba ya fitar da zakka, wato ɗaya bisa goma na abin da ya samu, ba zai shiga sama ba, gardamar da aka zaci ta lafa ta sake tashi, kuma har yanzu tana kewaye wuri ɗaya. Ya amsa da bakinsa cewa wannan magana babu ita a Littafi Mai Tsarki, kuma ya cancanci yabo a kan haka, domin ba kasafai babba yake janye maganarsa a bainar jama'a ba. Sai dai a wannan zaman ne kuma ya ƙara da cewa kashi goma cikin ɗari na 'yan koyo ne, ya kamata wasu su riƙa ba da ashirin, talatin, ko arba'in. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka yi watandar jawabin. Masu adawa da zakka suka ɗauki rabin farko suna shewa da shi a Facebook, masu wa'azi da yawa kuma suka sa rabi na biyu a aljihu suka hau mumbari da shi ranar Lahadi. Kowane ɓangare yana ta ƙidayar kashi nawa ya kamata mai bi ya kawo, babu wanda ya tsaya ya tambayi inda abin da aka riga aka kawo yake tafiya.

Masu cewa zakka dokar Tsohon Alkawari ce da ba ta hau kan Kirista ba, don haka kowa ya riƙe kuɗinsa, ba zan daɗe a kansu ba, domin da yawansu ban ga sun kai wa wata gwauruwa abin da suka hana coci ba. Maganata da waɗanda suke karɓa ce.

Kalmar da aka fi ji a wa'azin bayarwa ita ce amana. Ana gaya wa mai bi cewa albashinsa, gonarsa da ribar shagonsa duk na Allah ne, shi mai riƙo ne kawai, kuma za a tambaye shi yadda ya sarrafa su. Wannan koyarwa gaskiya ce, kuma ban san Kiristan kirki da zai musa ta ba. Amma kuɗin ba ya daina zama na Allah da zarar ya bar hannun mai bi ya faɗa cikin kwandon baiko. Idan ma'aikacin ƙaramar hukuma mai riƙon amana ne a kan naira dubu saba'in ɗinsa, to majalisar dattawan da ta tattara zakkar mutum ɗari biyar ta fi shi nauyin amana nesa ba kusa ba. Uwar adashi a unguwa, wadda ba ta taɓa shiga makarantar tauhidi ba, ta san cewa duk wadda ta zuba tana da ikon ta ce a nuna mata lissafi, kuma ranar da ta ce wa matan unguwa kada su tambaya, ranar adashin ya watse. Me ya sa tambayar da ta halatta a zaure take zama tawaye a majami'a?

Ayar da aka fi gajiyarwa a wannan harka ita ce Malakai 3:10, wadda ke cewa a kawo dukan zakka a ɗakin ajiya. Ana karanta ta tare da aya ta 8 da ta 9 domin a fito da maganar yi wa Allah fashi da maganar la'ana, sai a rufe littafin. Wanda ya ɗan matsa sama zuwa aya ta 5 zai tarar da Allah yana shelar hukunci a kan masu danne ladan ɗan ƙodago, masu zaluntar gwauraye da marayu, da masu tauye wa baƙo hakkinsa. Wanda kuma ya fara littafin daga farko zai ga cewa tun daga 1:6, kuma ƙarara a 2:1, tsawatarwar firistoci ake yi, wato masu karɓar abin da aka kawo. Ita kanta aya ta 10 ta faɗi dalilin kawowar, cewa domin a sami abinci a gidan Allah. Abinci ake nufi, irin wanda ake ci a ƙoshi.

Wa zai ci abincin? Littafin Ƙidaya sura 18 ya nuna an ba Lawiyawa, kabilar da ke hidima a gidan Allah, zakka ne saboda ba a raba musu gādon ƙasa kamar sauran kabilu ba, kuma su ma an umarce su su fitar da ɗaya bisa goma daga abin da suka karɓa. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce a ƙarshen kowace shekara uku a tara zakkar amfanin gona a cikin garuruwa domin Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. A nan gwauruwa tana layin masu karɓa ne. Mu kuwa mun mayar da ita layin masu biya, har mun buga mata kati.

Katin nan na zakka ya kamata a dube shi da kyau. A majami'u da yawa kowane mamba yana da nasa, da sunansa da layukan watanni goma sha biyu, sakataren kuɗi yana sa hannu a kan kowane wata. Na ga inda ake neman katin kafin a ɗaura wa mutum aure, kuma na ji iyalan da aka tambaye su katin mamacinsu suna cikin makoki kafin a tsayar da yadda za a yi jana'iza. Lokacin sanarwa kuma ma'aji yakan miƙe da takarda ya karanta: baikon makon jiya naira kaza, zakka naira kaza, baikon godiya naira kaza, jama'a su tafa. A nan karatun yake tsayawa. Shafin da ke nuna abin da ya fita, wa aka biya, nawa aka kashe a kan motar fasto, nawa ya isa hannun marasa lafiya, ba a cika jin sa ba, kuma inda ake karanta shi sau ɗaya a shekara, akan yi shi da sauri bayan an tashi sujada mutane sun fara neman ƙofa. Coci ta san lissafin kowane mamba wata-wata, mamba kuwa bai san lissafin coci ba.

Wannan yana faruwa ne a ƙasar da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a watan Yulin 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekarar bisa ƙididdigar hukuma. Naira 7,000 daga hannun mai irin wannan albashi kuɗin abincin yara ne, yayin da attajirin da ya ba da ɗaya bisa goma na ribarsa ba zai ma lura an taɓa aljihunsa ba. A irin wannan hali ne za a ce wa mutum goma ta 'yan koyo ce, ya daure ya kai ashirin? Maƙwabtanmu Musulmi suna da nisabi, wanda dukiyarsa ba ta kai ba, zakkar dukiya ba ta hau kansa ba. Ba na cewa a kwafi tsarinsu, amma Manzo Bulus ma ya ce a 2 Korantiyawa 8:12-13 ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi ne, kuma ba a nufin a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata wa wasu. Masu son kafa hujja da gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a Markus 12:41-44 su daure su karanta aya ta 40, inda Yesu ya gama tsawata wa malaman da ke cinye gidajen gwauraye.

Za a ce mini bawan Allah ba ya ba da lissafi sai ga Allah. Bulus bai san wannan koyarwa ba. Lokacin da yake tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, bai yarda kuɗin su bi ta hannunsa shi kaɗai ba. A 1 Korantiyawa 16:3 ya ce su zaɓi mutanen da suka amince da su su kai. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa, kuma ya faɗi dalili, cewa kada wani ya sami abin zargi, domin yana so a yi daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Manzon da ya rubuta kaso mai yawa na Sabon Alkawari ya nemi a sa masa ido, amma mai coci mai reshe uku yana ganin tambaya raini ce ga shafewarsa. Tun zamanin sarki Yowash aka gwada barin kuɗi a hannun firistoci ba tare da tsari ba, har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara Haikali ba. Sai firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, kuma idan ya cika, magatakardan sarki da babban firist suke zuwa tare su ƙidaya. Gaskiya ne 2 Sarakuna 12:15 ta ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba saboda amincinsu, amma wanda yake son fakewa da wannan aya sai ya fara nuna mana ginin da ya gyaru.

Duk lokacin da hukuma ta matso kusa da wannan batu, manyan cocinan ƙasar nan sukan haɗa kai fiye da yadda suke yi a kan kowane abu. A watan Janairun 2017 ƙa'idojin hukumar kula da rahoton kuɗi, waɗanda suka iyakance wa'adin shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba, suka sa Adeboye ya naɗa wani ya jagoranci cocin a Najeriya, kuma cikin kwana biyu aka sauke shugaban hukumar, Jim Obazee, aka dakatar da ƙa'idojin. A 2020 kuma, da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni ta CAMA, sashe na 839 da ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya ya sha fatali daga ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN. Ni ma ba na sha'awar ganin gwamnatin da ba ta iya ba da lissafin nata kuɗin ba tana naɗa wa coci masu riƙo. Amma rassan waɗannan cocinan da ke Ingila suna miƙa lissafinsu kowace shekara ga hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta can, kuma kowa zai iya dubawa a intanet. Abin da suke yi wa Bature ba tare da gunaguni ba, sun hana mamban Legas da na Kaduna da ya gina su da guminsa.

Mu a Arewa ba mu da uzuri, domin mun gāji abin da ya fi wannan. Tsofaffin ikkilisiyoyinmu irin su ECWA, COCIN, EYN da LCCN an kafa su ne a kan majalisar dattawa, ma'aji da sakataren kuɗi, kuma fasto ma'aikaci ne da ake canja masa wurin aiki, ba mai gida ba. Damin dawa da na gero da manoma suke kawowa lokacin kaka, da 'yan kuɗin da matan Zumuntar Mata suke kwancewa daga bakin zane, su ne suka riƙe aikin bishara na EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA, tun daga 1948. Da Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi a watan Oktoban 2014, dubban mutane suka watsu, gidajen 'yan'uwa da majami'u a Yola da Jos da sauran garuruwa ne suka buɗe ƙofa suka ciyar da su. Wannan ita ce bayarwar da muka sani, kuma babu wanda ya yi ta domin an yi masa alkawarin za ta dawo masa ninki ɗari.

Abin tsoron shi ne wannan gādo yana zaizayewa. Matasan fastoci suna kallon manyan cocinan Kudu a talabijin da waya, suna kwaso salon "shuka iri", wato ba da kuɗi da sa ran za su dawo ninki, da kiran mutum goma da za su ba da dubu hamsin-hamsin su fito gaba a ɗora musu hannu, sauran jama'a na zaune suna kallon ƙasa. Ana ta rige-rigen rushe ginin da bai tsufa ba domin a yi wanda ya fi na maƙwabta, alhali mai bisharar da aka tura ƙauye yana noma da hannunsa yana jiran ɗan alawus ɗin da ba ya zuwa a kan lokaci, 'ya'yansa kuma ba su iya shiga makarantar da cocin iyayensu ta gina saboda tsadar kuɗinta. A zamanin Nehemiya, da aka hana Lawiyawa rabonsu suka gudu gona, shugabanni ya tuhuma, sa'an nan ya naɗa amintattun ma'aji a kan ɗakunan ajiya.

Gyaran ba ya bukatar doka daga Abuja. A riƙa karanta abin da ya fita da irin muryar da ake karanta abin da ya shigo, a manna shi a bango inda kowa zai gani. Mambobi su zaɓi masu binciken littafi da ba 'yan gidan fasto ba. A ware wani kaso sananne na gwauraye, marayu da 'yan gudun hijira kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, kuma a raba katin zakka da aure da jana'iza. Faston da yake ganin wannan ya yi masa tsauri yana da damar ya bar Malakai 3:10 ta huta har ranar da ya shirya yin wa'azi a kan aya ta 5.