Ɗan judo da ke raina kokawar gargajiya kansa yake cuta

Muhawara ce da ta daɗe a tsakanin matasan da ke horon judo a nan Abuja: shin ya dace mutum ya je ya koyi wani salon kokawa, ko hakan zai ɓata masa hannu? Ra'ayina shi ne ya je, kuma kafin ya nemi jujitsun Brazil da kowa yake kallo a YouTube, ya fara da kokawar da iyayenmu suka gada, domin ita ce ta riƙe abin da judon yau ya saki.

Masu cewa a bar judo tsantsarsa sun manta cewa shi kansa haɗi ne. Lokacin da Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya buɗe makarantar Kodokan a Tokyo a shekarar 1882, dabarun tsofaffin makarantun jujutsu biyu da ya yi karatu a cikinsu ya tace ya haɗa, kuma kamun ƙafa yana cikin abin da aka koyar tun farko. Hukumar judo ta duniya ce ta fara taƙaita shi a 2010, sannan ta hana shi gaba ɗaya a 2013. Sakamakon haka mun sami matasa masu baƙin ɗamara waɗanda ba a taɓa kai wa gwiwarsu hannu ba. Duk wanda ya ga irin wannan matashi ya kara da ɗan kokawa ya san yadda take kasancewa. Ɗan judo zai miƙe tsaye ƙyam, hannun dama yana laluben wuyan riga, na hagu yana neman hannun riga, alhali abokin karawarsa ba riga a jikinsa, sai gumi da tsantsi. Shi kuwa ɗan kokawa zai duƙa, ya kafa kansa a ƙirjin mutum, ya zura hannu bayan gwiwa, kafin a ce kwabo an yi kaye. Ba ƙarfi aka fi ɗan judon ba, ƙofa ce a buɗe wadda dokar wasansa ta ce masa ba sai ya tsare ta ba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan kokawar gida shi ne ƙasashen da suka girgiza Japan ta wannan hanya suka bi. A gasar Olamfik ta 2008 a Beijin, Naidan Tuvshinbayar, wanda ya taso a kokawar gargajiyar Mongoliya, ya ɗebe ƙafafun gwarzon Japan Keiji Suzuki tun a karon farko, ya kuma ƙare da zinariya a ajin kilo 100, ta farko a tarihin ƙasarsa. 'Yan Jojiya sun shigo da irin riƙon da suke yi ta saman kafaɗa zuwa ɗamara daga kokawarsu ta chidaoba, har ya zama abin da kowa ke koyo. Wasan sambo kuma, wanda Tarayyar Sobiyet ta amince da shi a 1938, judo ne da aka gauraya da kokawar al'ummomin yankin, kuma daga wannan tushe Khabib Nurmagomedov ya fito ya yi karawa 29 a faɗan MMA mai haɗa dambe da kokawa ba a ci shi ba. Mu da muke da kokawa daga Sakkwato har Dosso, da maƙwabtanmu na Nijar da suke gasar kokawa ta cin takobi tun 1975, me ya sa muke ganin tamu ta ƙauye ce?

Sai dai kokawar gargajiya tana da iyakarta, domin da zarar an kai mutum ƙasa makaɗa sun ɗauka, wasa ya ƙare. Judo ya ɗan fi ta a nan, tunda yana da danniya ta daƙiƙa 20 da shaƙa da murɗe gwiwar hannu, amma alƙalin wasa ba ya barin a daɗe a ƙasa, shi ya sa 'yan judo suka saba da kifa ciki su dunƙule suna jiran a tashe su. A wajen dokar judo wannan ɗabi'a miƙa wuya ce, don ka ba abokin karawa bayanka. A nan jujitsu yake da amfani, kuma ba baƙo ba ne, domin Mitsuyo Maeda, ɗalibin Kodokan, shi ya kai tushensa Brazil a 1914, kuma murɗiyar da suke kira kimura sunan Masahiko Kimura ta ci, ɗan judon da ya yi galaba da ita a kan Helio Gracie, jigon jujitsun Brazil, a 1951.

Inda nake goyon bayan malamanmu shi ne batun lokaci. Yaron da bai iya faɗuwa ba, wanda har yanzu yake tokare ƙasa da tafin hannu idan an jefa shi, bai kamata a kai shi kan yashi gaban wanda ya fi shi nauyi ba, domin karaya zai kwaso. Haka kuma wanda gasa ta matso masa dole ya kiyaye, tunda hannun da ya saba zuwa ƙafa zai jawo masa hukunci. Amma wanda ƙafarsa ta zauna, ya san yadda ake raba mutum da daidaitonsa kafin a jefa shi, ba ni ganin hujjar hana shi.

Abin ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A ware rana guda a mako a tuɓe riga, a koyi zura hannu ta ƙarƙashin hamata da riƙon ƙeya da wuyan hannu, a gwada waɗanne jifa ne suka tsira, domin osoto-gari da harai-goshi da uchi-mata suna aiki ba riga, amma duk jifan da ya dogara da murɗa wuyan riga zai faɗi. A je Dei-Dei da sauran unguwannin da 'yan dambe da 'yan kokawa suke taruwa, a gayyato su da girmamawa a matsayin malamai, a biya su kuɗin mota. Su ma za su koma da taɗiyar ƙafa irin ta judo da dabarar faɗuwa lafiya, wadda yawancinsu ba wanda ya taɓa koya musu.